Man Birki a Tsohuwar Mota: Wanda Ake Haɗawa, Wanda Ba a Haɗawa, da Yadda Ake Juye Shi

Yawancin motocin da ke jigila tsakanin Bauchi, Gombe da Jos sun ba shekara 20 baya. Golf 3 ne, Vectra, Sharon, Carina E, Starlet, Marsandi 190, sai ragowar Fijo 504 da 505 da aka harhaɗa a Kaduna. Masu su ba sa wasa da juyen baƙin mai. Amma ka tambayi mai mota yaushe rabonsa da canza man birki, sai ya ce maka ai bai taɓa ƙarewa ba, in ya yi ƙasa ana ƙara masa. Alhali man birki yana lalacewa ko motar tana aiki ko tana ajiye, kuma wanda ka ƙara a kofin man birki ba ya gyara wanda ya riga ya lalace a can ƙasa wajen tayoyi.

Abin da ruwa ke yi wa man birki

Idan ka taka birki, fistin ɗin da ke cikin masta, wato famfon birki da ke ƙarƙashin kofin mai, ne ke tura mai ta fayif zuwa kalifa (abin da ke matse fad ɗin birki a jikin faifan taya) a gaba da tukunyar birki a baya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa taya nan take. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Da zarar man ya tafasa a cikin kalifa, ƙafarka tururi take matsawa, feda ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Man da kusan duk motocinmu ke sha, wato DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1, daga sinadarin gilaikol ake yin sa, kuma yana jan danshi daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. Danshin yana shiga ta ƙaramar kafar numfashi da ke murfin kofi, ta jikin tiyon roba da ke zuwa kowace taya, da duk lokacin da aka buɗe murfi. Masu wankin mota da ke harba ruwa cikin inji suna ƙara masa. Wannan jan ruwan da gangan aka bar shi: man yana narkar da ruwan a jikinsa don kada ya taru wuri ɗaya. Illarsa ita ce, gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa.

Lambobin DOT sun fito ne daga ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka mai lamba FMVSS 116. Ta kafa mafi ƙarancin zafin da kowane mai zai jure kafin ya tafasa, yana sabo da kuma bayan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, a ma'aunin salshiyas:

DOT 3: sabo digiri 205, mai ruwa digiri 140
DOT 4: sabo digiri 230, mai ruwa digiri 155
DOT 5.1: sabo digiri 260, mai ruwa digiri 180
DOT 5: sabo digiri 260, mai ruwa digiri 180

Lamba ta biyu ita ce ta shafi mai tsohuwar mota. DOT 3 da ya sha ruwa ya yi asarar digiri 65 ke nan. A cikin gari ba za ka gane ba, domin birkin Wunti zuwa Yelwa a Bauchi ba ya zafin da zai tona asirinsa. Gangara ce ke tonawa. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, Bauchi kuwa kusan rabin haka. Sharon da ta ɗauko fasinja cike da buhunan dankalin turawa a but, direba ya ɗora ƙafa a birki daga saukowa har wajen Toro, kalifarta tana iya kai zafin da tsohon mai ba zai jure ba. Haka gangaren Tula da hanyar Biu. Alamar ba ta ɓuya: feda ta nutse a gangara, bayan an tsaya an huta minti 20 ko 30 ta dawo daidai. Direbobi da yawa suna ɗauka motar ta gyara kanta. Tururin ne ya huce ya koma ruwa, kuma a gangara ta gaba zai sake tasowa.

Wane mai ke shiga da wane

DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne. Suna cakuɗuwa, ba sa rabuwa, ba sa cin robar juna. Ƙa'idar ita ce ana hawa sama, ba a sauka ƙasa. Motar da aka rubuta mata DOT 3 tana shan DOT 4 ko 5.1 lafiya lau. Wadda aka rubuta mata DOT 4 kada a ba ta DOT 3, sai dai in a kan hanya ne ba wani zaɓi, a kuma juye shi da an isa gida. Sannan a sani, ƙara rabin kwalbar DOT 4 a kan tsohon DOT 3 ba ya mayar da shi DOT 4. Sai an juye duka ake samun amfanin.

Amsar abin da motarka ke so tana kan murfin kofin, a rubuce. Tsofaffin Toyota da Honda galibi DOT 3 ne. Volkswagen, Opel da Marsandi DOT 4. Idan murfin ko littafin motar ya ce SAE J1703, ajin DOT 3 ake nufi; J1704 kuma DOT 4. Fijo 504 da 505 suna shan kowanne daga cikin biyun. Ga motar haya da ke ɗaukar kaya tana bin gangara, shawararmu DOT 4, ko da murfin ya ce DOT 3. DOT 5.1 ba laifi, amma ban da ƙarin jure zafi, babban abin da ya fi DOT 4 da shi, wato rashin kauri a sanyin ƙanƙara, ba abin da ya dame mu ba ne a nan, ga shi da tsada.

Akwai maganar da ake yawan yi a gareji, cewa DOT 4 yana cinye robar tsohuwar mota, an zuba yau gobe masta ya mutu. Robar da aka yi don DOT 3 tana jure DOT 4. Abin da ke kashe mastan galibi shi ne yadda aka fitar da iskar, za mu zo kansa a ƙasa.

Tarkon yana wajen DOT 5. Lambarsa ta sa mutum ya ɗauka yayan DOT 4 ne ko ƙanin 5.1, alhali ba su haɗa komai ba. Na silikon ne, launinsa shunayya. Ba ya shan ruwa, ba ya cin fenti, shi ya sa masu adana tsofaffin motoci na ado a ƙasashen waje ke son sa. Amma ruwan da ya shiga ba ya narkewa a cikinsa, sai ya gangara ya taru a ƙasan kalifa da tukunya, ya yi tsatsa a nan, ya tafasa a digiri 100. Yana riƙe ƙananan kumfar iska, feda ta yi laushi, kuma ba a sa shi a motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. In aka zuba shi kan gilaikol ba sa haɗuwa, kowa yana gefensa, da datti mai danƙo a tsakani. Wanda ya dage sai ya koma DOT 5, sai ya kwance komai, ya sa sababbin robobi da tiyo, ya wanke fayif ya bushe. Motar da ake neman abinci da ita ba ta da wata riba a wannan wahalar.

Dangi na uku shi ne koren mai da ake kira LHM, wanda tushensa man fetur ne. Kamfanin Citroën ya koma kansa tun 1966, kuma shi CX, BX, XM da Xantia ke sha. Wasu taraktoci ma birkinsu irin wannan man yake so. Robar waɗannan daban take: gilaikol yana lalata ta, kamar yadda LHM ke lalata robar sauran motoci. Kasancewar Citroën da Peugeot gida ɗaya ne kada ya ruɗi kowa, birkin 504, 505 da 406 ba ya shan koren mai.

Idan ba ka san abin da ke cikin kofin ba

Motar da ta bi hannu uku ko huɗu, ba wanda zai rantse da abin da aka zuba mata. Launi ba hujja ba ne, domin tsohon mai kowane iri baƙi yake komawa. Sami kwalba mai haske, zuba ruwa rabi, zuƙo man kofin da sirinji ka ɗiga kamar cokali ɗaya, ka girgiza ka ajiye. Gilaikol zai narke ya ɓace cikin ruwan. Silikon da duk mai na dangin fetur za su ware su taso sama. Idan yawanci ya narke amma ga maiƙo yana yawo a saman ruwan, an taɓa zuba wani mai daban a kan na asali.

Duba robar da ke ƙarƙashin murfin ma. In ta kumbura, ta yi laushi, ta ƙi komawa mazauninta, man giya ko man sitiyari ko baƙin mai ya shiga. Wannan kuskuren yana yawan faruwa saboda kofin sitiyari da na birki suna kusa a motoci da yawa, kuma yaron gareji kan yi amfani da mazurari ɗaya. Ɗan kaɗan ya isa. Abin da ya sami robar murfi ya sami duk robar da ke ciki. Ta masta tana kumbura ta toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa kofi ta cikinta, sai birki ya riƙa kamawa da kansa, tayoyi su yi zafi, mota ta yi nauyi. Daga baya robar ta ruɓe birkin ya tafi gaba ɗaya. A nan juye ba ya wadatarwa, kuma duk wanda ya ce maka ya wadatar yana neman sauƙi ne. Sai an canza robobin masta ko mastan kansa, robobin kalifa, tukwanen baya, tiyo duka, a wanke fayif na ƙarfe da sifirit a hura iska ya bushe. Idan an farga tun ba a taka birki ba, a zuƙe kofin, a cire shi a wanke, aikin ya ragu sosai.

Dalilin nan ne ya sa ba a wanke kayan cikin birki da fetur ko kananzir, ba a kuma shafa wa robar fistin giris na yau da kullum. Sabon man birki ko sifirit ake wanki da shi, a jiƙa robar da man birki kafin a sa.

Sai ruwan omo, wanda wasu direbobi ke zubawa in mai ya tsiyaye a daji. Yana tafasa a kusan digiri 100, yana sa tsatsa a masta da tukwane cikin 'yan kwanaki, kuma yoyon da ya zubar da man zai zubar da shi ma. Ƙaramar kwalbar man birki da ba a fasa ba, a ajiye a mota, ta fi kowace dabara. Motar da aka riga aka yi wa haka, a juye ta ranar, a buɗe tukwanen baya a duba.

Sayen man

A sayi wanda bakinsa ke liƙe, da lambar DOT da FMVSS 116 ko SAE ko ISO 4925 a jikinsa. Wanda aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa a bakin tasha, ba ka san mene ne ba, kuma ko na gaske ne ya riga ya sha iska. Kwalbar da aka fasa ta yi watanni a but ita ma ta sha. Shi ya sa ƙananan kwalabe suka fi babba ga mai mota ɗaya.

Yadda ake juyewa

Kayan aiki: lita 1 ta sabon mai, sifana mai zobe daidai da nifil ɗin motarka, wato ɗan kusoshin fitar da iska da ke jikin kalifa da tukunya (tsakanin lamba 7 da 11 suke), siririn tiyo mai haske da zai kama bakin nifil tsam, kwalba, babbar sirinji mai tsabta, guntun katako, tsumma, bokitin ruwa, da mutum na biyu. Bokitin don fenti ne: gilaikol yana cin fenti, in ya zuba a kwara ruwa nan take, kada a goge da busasshen tsumma.

Na farko, kafin a fasa kwalba, a nemi yoyo. A cire gangar baya a ɗaga robar ƙura ta kowace tukunya. In akwai jiƙa a ciki, tukunyar ta tafi. A lanƙwasa kowane tiyo a ga ko ya tsattsage ko ya yi ƙulli. A bi fayif na ƙarfe a ƙarƙashin mota, musamman motocin Belgium da suka sha gishirin titunan Turai. A duba inda masta ya haɗu da sabo (servo, wato gangar da ke bayansa mai ƙara wa ƙafa ƙarfin taka birki): in fentin wurin ya kwaile, masta yana zubar da mai cikin sabo, kuma wannan ne yoyon da ba ya barin alama a ƙasa. A gyara duk wannan tukuna, a kuma daidaita lainin baya, domin laini mai nisa da ganga yana sa feda ta yi zurfi ko babu iska.

Na biyu, a gwada kowane nifil ya motsa kafin a fara. A tsohuwar mota sukan kafe. A goge da burushin ƙarfe, a fesa man sassauta tsatsa a kan zaren daga waje, a ɗan ƙwanƙwasa, a jira. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan nifil. In ya karye a tukunyar baya, sabuwar tukunya ta fi araha da neman ciro shi.

Na uku, a goge murfi da kewayensa kafin a buɗe, musamman da hunturu da ƙura ke ko'ina. A zuƙe tsohon man da sirinji, a bar ɗan kaɗan da ya rufe kafofin ƙasa, a cika da sabo zuwa layin sama.

Na huɗu shi ne inda ake kashe masta. Shekara da shekaru fistin ɗin masta yana kai da komo ne a ɗan gajeren wuri. Gaba da nan, inda bai taɓa zuwa ba, tsatsa da datti sun taru a bangon. Idan aka buɗe nifil yaro ya danna feda har ƙasa, robar ta bi ta kan wannan kaushin ta yage. Bayan kwana biyu feda ta fara nutsewa, a ɗora wa sabon mai laifi. Maganinsa guntun katako a ƙarƙashin feda, yadda ba za ta wuce inda take kaiwa a birki mai ƙarfi ba. Inji a kashe.

Ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Wasu motocin, Honda a cikinsu, suna da nasu jerin, in akwai littafi a bi shi. Golf 2, Golf 3 da tsofaffin Fijo da yawa suna da bawul a baya mai rage ƙarfin birki in ba kaya. Idan aka ɗaga motar tayoyin baya suka yi lilo, bawul ɗin yana rage mai, sai a ga ɗigo kawai yana fita. A tallafi motar ta ƙarƙashin aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko a danna hannun bawul ɗin ta wajen da kaya ke danna shi. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A sa sifana a nifil, a sa tiyo, ɗaya bakin a nutse cikin ɗan mai a kwalba. Daga nan magana ce tsakanin mutum biyu:

"Taka a hankali. Danne."
"Na danne, oga."

A buɗe nifil kwata ko rabin zagaye, mai ya fita, feda ta sauka kan katako, a rufe.

"Saki."

Ba a sakin feda nifil yana buɗe. Ba a kuma buga feda da sauri sau goma kamar yadda aka saba, domin hakan yana farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. Bayan an saki a jira daƙiƙa biyu ko uku masta ya cika. Duk taku biyar ko shida a leƙa kofi a ƙara. In kofi ya bushe iska ta shiga masta, aiki ya koma farko, kuma a motar da ke da ABS iskar tana iya maƙalewa inda sai da na'urar kwamfuta za ta fita. A ci gaba har man da ke bin tiyo ya fito garau ba kumfa. Tayar farko ta fi cin mai, kusan kwatan lita ko fiye, sauran ƙasa da haka.

Idan mastan ya tsufa sosai, ko ba mataimaki, ana iya barin man ya sauko da kansa: a cika kofi, a buɗe nifil ɗaya, a bar shi yana ɗiga cikin kwalba ana ƙara mai a sama. Yana cin lokaci, amma ba abin da ya taɓa robar masta.

Sharon da Vectra B kulocinsu daga kofin birki yake shan mai, wasu Toyota kuma ƙaramin kofinsa daban. Shi ma a juye shi a wannan zaman. In an bar shi, baƙin man da ke layinsa yana komawa ya ɓata sabon.

A ɗaure nifil da hannu mai sauƙi, a mayar da hularsa ta roba, a daidaita mai a layin sama. A danne feda da ƙarfi na rabin minti. Ta tsaya cak. A tayar da inji ƙafa tana kai, za ta ɗan sauka kaɗan, alamar sabo yana aiki. A gwada a hankali a fili kafin a hau titi.

Idan feda ba ta yi daidai ba

Feda mai laushi da ke tauri in an buga sau biyu ko uku, akwai sauran iska, ko lainin baya ya yi nisa. Wadda ke nutsewa sannu a hankali ana danne da ita, kuma mai bai ragu ba, robar masta ce ke barin mai ya wuce ta ciki. In mai yana raguwa, yoyo ne. Taya ɗaya da ke kamawa ta yi zafi, a buɗe nifil ɗinta: in mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, tiyon ya ruɓe ta ciki yana hana mai komawa; in ba ta saki ba, fistin ko fil ɗin kalifa ne ya kafe. Feda mai tauri kamar dutse da mota ba ta tsayawa ba matsalar mai ba ce, a duba sabo da tiyonsa, ko fad da ya ƙone.

Raguwar mai a hankali cikin watanni, ba yoyo, cin fad ne: fistin yana fitowa, mai yana bin sa. Kada a cika kofi ana gab da canza fad, zai yi ambaliya in aka mayar da fistin. Wajen mayar da fistin ɗin ma a buɗe nifil, dattin da ke kalifa ya fita waje maimakon ya koma masta.

Yaushe za a sake

Volkswagen ta ce duk shekara 2, Honda ta ce shekara 3, ba tare da duba nisan tafiya ba. Ga tsohuwar mota mu shekara 2 muke cewa, motar haya mai bin Jos ko Biu kuma duk shekara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba ko Nuwamba, damina ta ɗauke, iska ta bushe. Akwai ɗan abin gwaji mai kama da biro da ke nuna yawan ruwa. In ya kai kashi 3 a juye, a tuna kuma man kofi yake aunawa, na kalifa yakan fi shi lalacewa. Man da ya taɓa tafasa ba a jiran lokacinsa. A rubuta wata da shekara da irin man a ɗan sitika a liƙa kusa da kofi, don makanikin gaba ya san abin da ke ciki.

Sabon mai ba ya ɗauke wa direba sauka gangara da giya ta biyu ko ta uku. Sakin mota firi yana ɗora duk nauyin a kan birki, kashe inji don tattalin fetur kuma yana ɗauke sabo bayan taku biyu ko uku.

Tsohon man da aka tara guba ne, in an sha yana lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo inda yara ke kaiwa, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, kada kuma a shafa shi a ciwo ko ƙyasbi kamar yadda wasu ke yi. A zuba a jarka mai murfi, a rubuta a jiki, a ware shi daga tsohon baƙin mai.